Hatimin Sarkin Shanu da Takardun Sokewa

Akwai wani mutum a wani gari na gindin dutse, wanda jama'a suka naɗa shi sarkin shanu. Ba shi ya fi kowa dabbobi ba, amma shi ya fi kowa sanin daji. Idan rani ya kama, ruwa ya janye, makiyayan garin sukan rabu kashi huɗu su tafi mashekari, wato sansanin kiwo, da shanun jama'a, waɗansu gabas, waɗansu yamma, waɗansu kudu bakin kogi, waɗansu kuma arewa bayan dutse. Shi kuwa yakan zauna a gari yana sauraron labarin hanyoyi. In ya ji ciyawa ta ƙare a wani wuri, ko ɓarayi sun tare wata hanya, sai ya aika wa makiyayan da takarda, ya ce ku tashi, ku bi nan, kada ku bi can. Abin da ya faɗa shi suke yi.

Da ɓarayin shanu suka gane haka, sai suka fara aika saƙon ƙarya da sunansa, suna jan makiyaya zuwa inda suka yi musu kwanto. Dattawan gari suka taru, suka kira wani tsohon maƙeri, suka ce ya nemo musu dabara.

Maƙerin ya ƙera hatimi na tagulla, mai zanen da ba mai iya kwaikwayonsa. Ya buga tambarinsa a kan fata huɗu, aka ba kowane mashekari ɗaya, domin in takarda ta zo su gwada tambarinta da nasu. Aka kuma gargaɗi makiyayan cewa ko wane ne ya zo musu da saƙo, ko da ɗan uwansu ne na jini, in babu tambari kada su motsa. Sa'an nan ya ƙera akwatin ƙarfe don ajiye hatimin, ya sa masa kwaɗo wanda ba a buɗe shi da ɗan makulli. Zobba ne da shi masu haruffa, sai an jera su sun ba da kalmar da mai akwatin ya zaɓa kafin ya buɗe. Wanda kuwa ya fasa akwatin da ƙarfi, hatimin ma zai lalace a ciki.

Ranar da ya kawo kayan, maƙerin ya ce wa sarkin shanu, "Zaɓi kalmarka. Kada ta zama sunan ɗanka, ko sunan garinku, ko wani abin da mutane suka san ka da shi. Ta yi tsawo, ta zama taka kai kaɗai. Ni ma ba na so in ji ta." Ya juya masa baya.

Sarkin shanu ya yi ɗan tunani. Ya ji tsoron kada ya zaɓi abu mai wuya ya manta. Akwai kuwa wani karin magana da ba ya rabuwa da bakinsa, "Sannu ba ta hana zuwa." Shi yake faɗa wa mai gaggawa, shi yake faɗa wa jakinsa in ya ƙi tafiya. Ya ce a ransa, wannan kam ko daga barci aka tashe ni ba zan manta ba. Sai ya jera zobban a kai.

Maƙerin ya juyo, ya fito da takardu huɗu, ya shimfiɗa su a tabarma. Magana ɗaya ce a rubuce cikinsu duka: "Ni sarkin shanu na soke wannan hatimi. Daga ranar da aka karanta wannan takarda, kada kowa ya gaskata saƙon da yake ɗauke da tambarinsa."

Ya ce, "Buga musu hatimin yanzu."

Ran sarkin shanu ya ɓaci. Ya ce, "Haba Baba, yau aka haifi yaro, kana cewa in ɗinka masa likkafani?"

Maƙerin ya ce, "Ranar da hatimin ya bar hannunka, da me za ka buga su? In kuwa babu tambari, wa zai yarda kai ne ka soke? Buga. In ka gama, kada ka ajiye su inda akwatin yake, don wanda ya ɗauki wancan kada ya haɗa da waɗannan. Kada kuma ka yar da su inda kowa zai sa hannu, gama duk wanda ya riƙe su yana iya kashe hatiminka ko da rana tsaka."

Ya buga, yana gunaguni. Washegari ya kai takardun wurin yayarsa, wata gwauruwa mai tsoron Allah da take zaune a wani ƙauye, tafiyar rabin yini. Ta naɗe su a tsumma, ta sa a cikin wani tulu da ba ta ɗiban ruwa da shi, ta rufe bakinsa.

Aka shekara bakwai lafiya. Ko ɗan maraƙi ɓarayi ba su ƙara samu ta hanyar saƙon ƙarya ba. Sunan sarkin shanu ya yi girma, har garuruwan maƙwabta suna aikowa neman shawararsa.

A rani na takwas, wani baƙo mai sayar da kanwa ya sauka a gidansa. Mutum ne mai fara'a, mai daɗin baki, ya san labarin kasuwanni da yawa. Ya kwana uku, suna ci a akushi ɗaya. Shi baƙon bai tambayi komai game da akwatin ba. Yabon maigidan kawai yake yi, yana cewa ya ji labarin hikimarsa tun daga nesa. Maigidan ya ji daɗi, har ya ɗauko akwatin ya nuna masa aikin maƙeri, ya juya zobban a gabansa yana kāre su da tafin hannu. A cikin kwana ukun nan kuwa, Allah kaɗai ya san sau nawa karin maganar nan ya fito daga bakinsa.

A rana ta huɗu da hantsi, mutanen gidan duka suka tafi suna a maƙwabta. Da suka komo da tsakar rana, ba baƙo, ba jakinsa. Sarkin shanu ya shiga ɗaki ya ɗaga buzun da yake rufe akwatin da shi, sai ya ga ƙasa kawai.

Ya sāke ɗaga buzun, kamar akwatin zai komo. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba rumbu, ya duba har inda shi kansa ya san bai taɓa ajiye shi ba. Matarsa ta shigo ta same shi zufa ta jiƙe masa riga.

Ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya nuna mata wurin. Ta dafe ƙirji, ta ce, "Tashi ka tafi wurin Yaya yanzu, rana ba ta yi nisa ba."

Ya ce, "Dakata tukuna. Akwati ya ɗauka, bai ɗauki kalma ba. In ya fasa, hatimin ya lalace. Me zai yi da shi?"

Ta ce a hankali, "Ni ba ka taɓa faɗa mini kalmar ba. Amma in aka ce in cinka, ina tsammani sau ɗaya ya ishe ni."

Ya dube ta. Ta faɗi karin maganar.

Ta cinka daidai. Amma maimakon ya tashi, sai ya ce, "Ke matata ce, shekara ashirin muna tare. Shi kwana uku ya yi. Kada ki faɗa wa kowa. In na fito da takardun nan, sai an karanta su a gaban dattawa, gari duka ya ji cewa ni da kaina na sa ɓarawo a ɗakina, na ba shi tuwo, na nuna masa amanar jama'a. Da wane ido zan dubi mutane? Bari in neme shi tukuna."

Ya ɗauki sanda ya bi hanyar kasuwa shi kaɗai. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Ko ka ga wani mai kanwa da jaki? Ya manta da wani abu a gidana." Ba wanda ya gan shi. Ya komo da yamma, matarsa ta kawo tuwo, ya ture akushin gefe.

Kashegari ya bi hanyar kogi. Yana tafe yana lissafi da zuciyarsa. Wata zuciyar ta ce, watakila ƙaramin ɓarawo ne, ƙarfen kawai ya gani. Wata ta ce, ƙaramin ɓarawo zai bar awaki da tufafi ya ɗauki akwati? Duk ƙurar da ya hango daga nesa sai gabansa ya faɗi, yana tsammani mai kawo mugun labari ne. Da ya komo ya wuce ta gindin tsamiya inda dattawa suke zama, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin shanu, ina labarin daji?"

Ya ce, "Sai alheri."

Ya wuce da sauri, yana jin kalmar tana ƙona masa harshe.

A rana ta uku bai fita ba. Ya zauna a zaure yana kallon ƙofa. Matarsa ta sāke yi masa magana, har ta ce in ya yarda ita za ta tafi. Ya ce, "Yaya ba za ta ba kowa ba sai ni, haka muka yi da ita. Ki ba ni zuwa gobe." Ya yi ƙoƙarin yin addu'a, amma abin da yake roƙo shi ne Allah ya komo masa da akwatin ba tare da kowa ya sani ba, shi kansa kuwa ya ji addu'ar ba ta wuce rufin zaure ba.

Da safe sai ga sallama. Matar Baba Cindo ce, tsohon makiyayin da yake shugabantar mashekarin gabas, wanda tun sarkin shanu yana yaro shi ya koya masa riƙe sanda. Ta zo daga mashekari da ƙwaryar man shanu a ka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa ɗan curi, sa'an nan ta ce, "Ranka ya daɗe, saƙonka ya isa shekaranjiya. Na baro su suna ɗaure kaya."

Ya ce, "Wane saƙo?"

Ta ce, "Na cewa su tashi su bi ta kwazazzabo su koma kudu. Shi Malam bai so hanyar ba, ya ce wurin ba mafita. Har sau biyu ya gwada tambarin da na fata. Da ya ga naka ne sai ya ce, to, ai shi ya fi mu sanin abin da yake gabanmu."

Sarkin shanu ya miƙe zumbur. Ya fita ko hula babu, ya shiga gidan maƙwabcinsa ya kwance doki. Ya so ya miƙe gabas kai tsaye, sai ya tuna hanyar ta wuce yini guda, sauran mashekarai uku kuma suna nan ba su sani ba, ba kuwa wanda zai saurari ɗan aike marar tambari. Shi da kansa ya koya musu haka. Dole sai takardun.

Ya isa ƙauyen yayarsa rana na tsaka, dokin yana kumfa. Ta fito daga madafa, ta dubi fuskarsa sau ɗaya. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta shiga ta fasa bakin tulun, ta miƙo masa ƙunshin tsumman, ta ce, "Ƙanena, ko ruwa kada ka tsaya sha."

Da la'asar ya tsaya a gindin tsamiya, gaban dattawa da duk wanda ya taru. Abin da ya kwana uku yana gudu, ya faɗe shi cikin numfashi kaɗan. Ya ce, "An sace hatimi a ɗakina. Ni na nuna wa ɓarawon akwatin. Kalmar da na zaɓa kuwa, ko yaran garin nan sun san ta. Ga takardun sokewa." Aka karanta ɗaya da ƙarfi. Ba wanda ya zage shi, ba lokacin zagi. Mahaya uku suka karɓi takardu uku suka bazu, shi ya ɗauki ta huɗu ya nufi gabas da waɗansu mazaje.

Na yamma da na arewa, takarda ta same su lafiya. Na kudu kuwa, saƙon ƙarya ya riga ya iso musu, har sun fara kwance maruƙa, sai ga mahayin gari. Suka gwada tambarin takardar sokewa da na fatarsu, suka ga daidai, suka mai da dabbobi turke. Ba su yi hasarar ko akuya ba.

Amma da sarkin shanu ya isa kwazazzabo da hantsin washegari, sawun kofato kawai ya tarar, da ƙore a farfashe, da sanduna a warwatse. An kore garken duka tun jiya da yamma. Makiyayan suka fito ɗaya ɗaya daga cikin duwatsu. A ƙarƙashin wata bishiyar ƙirya suka sami Baba Cindo kwance, māshi ya huda masa cinya, domin shi ya tsaya a bakin hanya har sauran suka tsere. Sarkin shanu ya sauka daga doki da takardar a hannunsa, ba wanda zai karanta wa.

Aka ɗauko tsohon zuwa gari. Ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara takawa daidai ba. Shanun gabas kuwa, na gidaje da yawa ne, har da na gwauraye waɗanda saniya ɗaya ce duk abin da suka mallaka. Dattawa suka sa aka ƙera sabon hatimi, suka ba wani.

Bayan mako biyu, mutumin ya tattara ƙarfin hali ya tafi gai da Baba Cindo. Ya same shi kwance a tabarma, ƙafar a naɗe. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Suka gaisa. Tsohon ya ce, "Ɗana, sata takan faɗa wa kowa. Ban ga laifinka a kan sata ba. Kalmar ma, wauta ce irin ta 'yan adam. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Kwana nawa ka yi kana sane, kafin ka tafi ɗauko takardar?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Uku, Baba."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce, "Da ka tafi ran farko, da yanzu ina daji." Sa'an nan ya miƙo hannu, ya ce, "Na yafe maka, gama ni ma kullum yafe mini ake yi. Amma ka sani, ƙafar nan ba ta san yafiya ba."

Daga wannan damina har mutuwar tsohon, mutumin nan ne yake nome masa gona kafin ya taɓa tasa.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ke nan.

Waɗanda suke aiki da kwamfuta a cikinku sun riga sun gane rabinsa. Akwai makullin sirri da mutum yake sa hannu a saƙo da shi, ko ya buɗe saƙon da aka rufe dominsa. Akwai kalmar sirri da take tsare makullin. Akwai kuma takardar sokewa, wadda masu hankali suke shiryawa tun ranar da suka yi makullin, su ajiye ta a wani wuri dabam mai tsaro, domin ranar da makullin ya ɓace ko aka manta kalmar, ba sauran hanyar yin ta. In kana da irin wannan amana a wurin aikinka ko a ikkilisiya, kada ka tsare ta da sunan 'yarka ko shekarar haihuwarka. In kuwa ka yi zaton ta fita hannunka, ka soke ta a ranar, ka sanar da masu dogara gare ta. Wannan ma aikin mai bi ne.

Amma misalin ya wuce kwamfuta. Kowane ɗayanmu yana riƙe da hatimi. Akwai mutanen da in ka ce musu hanya lafiya, za su bi ba tare da sun duba ba: 'ya'yanka, matarka, mijinki, waɗanda kake koyarwa, sabon mai bi da yake kallon yadda kake tafiya. Maƙiyin rayukanmu ba ya bukatar fasa akwati. Yakan zauna a gidanmu, ya ci tuwonmu, ya yabe mu, ya saurara, har ya gane inda muka yi sakaci don neman sauƙi. Saboda haka mu tsare zukatanmu da bakunanmu.

Duk da haka, ku lura da abin da tsohon ya tambaya. Bai tambayi yadda aka yi sata ba. Faɗuwa takan sami kowa, Allah kuwa ya san haka tun kafin mu faɗi. Shi ya sa ya shirya mana hanyar tuba tun ba mu bukace ta ba, ya hatimce ta da jinin Almasihu, ya ajiye ta inda ɓarawo ba ya kaiwa. Ba mu muka rubuta ta ba, ba kuwa za mu iya rubuta ta a ranar wahala ba. Namu shi ne mu tashi mu je mu karɓa, mu tsaya a gaban waɗanda abin ya shafa, mu ce, "Na yi kuskure, kada ku bi maganata ta dā." Abin da ya hana mutumin nan tafiya ba nisan hanya ba ne, tafiyar rabin yini ce kawai. Kunya ce ta zaunar da shi. Ya auna mutuncinsa da ran ɗan'uwansa, ya ga mutuncinsa ya fi nauyi. A ƙarshe ya sha kunyar da yake gudu, ya kuma ƙara da abin da ba ya gyaruwa.

Allah yana gafartawa, ko an makara. Amma gafara ba ta komo da garke, ba ta kuma miƙe ƙafar da ta gurgunce. Watakila a cikinmu yau akwai wanda ya faɗi wata magana a kan ɗan'uwansa, daga baya ya gane ƙarya ce, har yanzu kuwa mutane suna aiki da ita. Watakila akwai wadda ta san wani abu ya lalace a hannunta, tana addu'a ya gyaru ba tare da kowa ya ji ba. Kai ka san kanka, ke kin san kanki. Kada ku ce sai mako mai zuwa. In an tashi daga sujada, kafin ku zauna cin abincin rana, ku je ku ƙwanƙwasa ƙofar nan, ku faɗa da bakinku.